Hannun jarin kamfanin lemon ƙara kuzari ya faɗi ƙasa da senti ɗaya: in ƙara saye ko in sayar?

Mai Shago na Agege:

Assalamu alaikum, 'yan uwa na wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, amma yau akwai abin da ya hana ni barci, kuma na san a cikinmu akwai waɗanda suka fi ni sanin harkar. Shekara biyu da suka wuce, wani yaron maƙwabcinmu da ke karatu a waje ya taimaka mini na buɗe asusu a wurin wani dillalin hannun jari na Amurka, na sayi hannun jarin wani ƙaramin kamfani mai yin lemon ƙara kuzari. Ba zan ambaci sunansa ba, domin ba na son wani ya ga sunan a nan ya je ya saya. A lokacin kowane hannu senti 6 ne, na zuba dala 1,500, aka rubuta mini hannu 25,000. Abin da ya ja hankalina shi ne a shagona na ga yadda irin wannan lemo yake tafiya, musamman wurin direbobi da masu gadin dare, sai na ce a raina duk kamfanin da ya shiga wannan sana'a ba zai taɓe ba.

Yau hannu ɗaya bai kai rabin senti ba, kuma darajar duk abin da na zuba ba ta wuce dala 100 ba. A makon jiya kuma kamfanin ya sanar cewa zai haɗe hannaye, kowane 500 su koma ɗaya. Ina roƙon a yi mini bayanin abin da wannan yake nufi, sannan a ba ni shawara: in ƙara saye tunda ya yi araha, ko in sayar in karɓi abin da ya rage? Abin da ya fi damuna shi ne dala 500 daga cikin kuɗin na ƙanwata ne, adashenta ne ta ɗauka ta ba ni, kuma har yanzu ban sanar da ita ba.

Ɗalibi na Akoka:

Wa alaikumus salam, Kawu. Ni dai a ganina kada ka yi gaggawar sayarwa. Kamfanin Monster da duniya ta sani a yau, can baya sunansa Hansen, ƙaramin kamfani ne mai sayar da ruwan 'ya'yan itace, kuma duk wanda ya duba jadawalin farashinsa zai ga cewa a farkon shekarun 2000 hannun jarinsa bai kai dala ɗaya ba. Ya fito da lemon Monster a 2002, kuma zuwa 2015 Coca-Cola ya mallaki kashi 16.7 cikin ɗari na kamfanin bayan ya biya sama da dala biliyan 2. Haka ma Celsius, wani kamfanin lemon ƙara kuzari, wanda ya yi shekaru a ƙaramar kasuwar nan da ake kira OTC kafin ya shiga babbar kasuwar hannun jari ta Nasdaq a 2017, har PepsiCo ya zuba masa dala miliyan 550 a 2022. Waɗanda suka yi haƙuri da waɗannan kamfanoni su ne suka ci riba. Tunda asarar ta riga ta auku, me zai hana ka ƙara ɗan abin da ya sauwaƙa, ka jira?

Akanta na Apapa:

Alhaji, Allah ya mayar maka da alheri. Ƙanena na Akoka, abin da ka faɗa game da kamfanonin nan biyu gaskiya ne, amma akwai wurin da zan yi maka gyara. Farashin da kake gani a tsohon jadawalin Monster ba shi ne ainihin abin da aka riƙa saye da shi a wancan lokacin ba. An sha tsaga hannun jarin kamfanin, wato a raba kowane hannu ya zama biyu ko fiye, daga baya saboda tsadar da ya yi, shi ya sa aka koma aka rage tsofaffin alƙaluman don su dace da lissafin yau. Sannan Hansen yana cikin Nasdaq tun kafin Monster, yana da kayan da ake saye a kantuna, yana kuma samun riba. Wannan ya sha bamban da kamfanin da Alhaji yake magana a kai.

Alhaji, bari in yi maka bayani da watanda, tunda duk mun san ta. A ce mutum goma ne kuka haɗa kuɗi kuka sayi sa a mayankar Oko-Oba, aka kasa naman kashi goma, kowa yana da kashi ɗaya. Sai mai kula da rabon ya ciyo bashi, ya kasa biya, ya ce wa mai bashin ya zo a ba shi kaso a cikin naman. Aka sake kasawa kashi ɗari, mai bashi ya kwashi casa'in. Kai har yanzu sunanka yana kan kashi ɗaya, ba wanda ya ƙwace maka, amma tsokar da ke cikinsa ta koma ɗaya bisa goma na yadda take da fari, domin san bai ƙara girma ba. Wannan shi ne abin da yake cin masu hannun jari a irin waɗannan kamfanoni. Kamfanin da banki ba zai ba shi rance ba yakan je wurin wasu masu ba da bashi da sharaɗin cewa idan lokacin biya ya yi, za a mayar da bashin ya zama hannun jari a farashin da ya yi ƙasa da na kasuwa. Mai bashin yana karɓa ya sayar nan take, farashi ya faɗi, kuma saboda faɗuwar farashin, a zagaye na gaba hannayen da za a ba shi sun fi na baya yawa. Haka abin yake ta juyawa har hannayen kamfani su tashi daga miliyoyi su kai biliyoyi.

Haɗe hannaye kuwa tamkar a tattara ƙananan kason nan ne a mayar da kowane 500 tuli ɗaya. Hannunka 25,000 za su koma 50, farashin kowanne ya ninka sau 500 a ranar farko, amma darajar abin da ka mallaka tana nan yadda take. Illar ita ce idan ba a biya wancan bashin ba, haɗewar tana buɗe wa kamfanin fili ne ya sake buga sababbin hannaye, a sake kasa naman tun daga farko.

Mai Shago na Agege:

Malam Akanta, na gode ƙwarai, yanzu na gane. To ta yaya zan tabbatar cewa wannan ne yake faruwa da nawa kamfanin? A dandalin da masu hannun jarin suke taruwa, kullum cewa ake yi wasu miyagun 'yan kasuwa ne suke danne farashin, kuma shugaban kamfanin yana yawan fitar da sanarwa cewa an kusa ƙulla yarjejeniya da manyan kantuna.

Akanta na Apapa:

Ba sai ka dogara da maganar kowa ba, Alhaji. Idan kamfanin yana miƙa rahoto ga SEC, hukumar Amurka mai sa ido a kan kasuwar hannun jari, rahotannin suna nan kyauta a rumbunta na intanet mai suna EDGAR. Ka nemi rahoton shekara da ake kira 10-K da na wata uku-uku da ake kira 10-Q. A shafin farko ake rubuta yawan hannayen da ke hannun jama'a. Ka ɗauki na shekarar da ka saya, ka ɗauki na ƙarshe, ka ajiye su gefe da gefe, wannan kaɗai zai ba ka amsa. Bayan haka ka duba kuɗin da suka shigo daga sayar da lemo, ka gwada su da albashin shugabanni da kuɗin talla. Ka kuma nemi wurin da masu binciken kuɗi suke bayyana ko suna da babban shakku cewa kamfanin zai iya kai wata goma sha biyu masu zuwa yana aiki, domin ƙa'idar aikinsu ta wajabta musu faɗar haka idan sun gani.

Idan kuwa ka tarar kamfanin ya daina fitar da rahoto, to hatsarin ya ƙaru. Tun watan Satumbar 2021 dokar Amurka ta hana a riƙa nuna wa jama'a farashin kamfanin OTC da ba ya sabunta bayanansa, kuma wanda ya riƙe irin wannan hannun jari yakan sha wuya kafin ya sami mai saye. Ni wannan ne babban abin da nake jiye maka, wato ranar da za ka so fita ka tarar ƙofar ta ƙuntace.

Dilan Lemo na Mile 12:

Ni ban san takardun Amurka ba, amma na haura shekara goma sha biyar ina sarin lemo, don haka ku bar ni in yi magana a kan kayan kansa. Alhaji, gaskiya ne lemon ƙara kuzari yana tafiya. Ka je layin tireloli da tankoki a hanyar Apapa da daddare, ko ka tsaya a Oshodi lokacin cunkoson yamma ka ga yaran da ke bin motoci da bokitin ƙanƙara, za ka ga ana saye. Amma ka lura da sunayen da ke cikin bokitin: Fearless na Rite Foods, Predator da kamfanin NBC mai Coca-Cola yake rarrabawa, Supa Komando na Seven-Up, Climax na Nigerian Breweries. Dukansu akwai babban gida a bayansu, mai motocin kai kaya, mai ba 'yan shago firij, mai iya jure rage farashi na watanni. Haɗa lemon ba shi ne wahala ba, kowa zai iya biyan wata masana'anta ta zuba masa a gwangwani da sunansa. Wahalar ita ce ya sami gurbi a cikin firij, kuma wanda ya sha ya dawo gobe ya sake nema da sunansa.

Na taɓa karɓar katon hamsin na wani sabon lemo da aka zo mini da shi da daɗin baki da riguna da huluna na talla. Katon takwas na sayar. Sauran suka zauna a bayan sito har kwanan watan da ke gindin gwangwanin ya wuce, wakilin da ya kawo kuma ya daina ɗaukar wayata. Ribar katon ƙarama ce, ga harajin naira 10 a kowace lita da gwamnati ta ɗora wa lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, ga tsadar sukari da dizal. Ƙarin naira hamsin a kan kwalba ya isa ya sa direba ya miƙa hannu ga ta kusa da ita. Ban ga dalilin da zai sa a Amurka, inda Red Bull da Monster suka cika kantuna, abin ya fi nan sauƙi ga ƙaramin kamfani ba. Tambayata gare ka, Alhaji, ita ce: yaron nan da ke can, ya taɓa shiga kanti ya ga lemon da idonsa?

Mai Shago na Agege:

Alhaji na Mile 12, wallahi na tambaye shi bara, ya ce ya duba kantuna uku a garin da yake bai gani ba, sai dai a shafin kamfanin ake yin oda. A lokacin na ɗauka don garin nasu ƙarami ne. Ni da nake ƙin karɓar kayan da ban ga ana nema ba ko da katon ɗaya ne, ban yi wa kaina wannan tambayar ba a kan dala 1,500, kuma wannan yana yi mini ciwo.

Hajiya ta Idi-Araba:

Ɗan uwana, kada ka bari baƙin ciki ya yi maka yawa, ba kai ne farau ba. A 2007 nan Legas kowa maganar hannun jari yake yi, daga masu canji har masu sayar da goro, bankuna suna ta tallar sababbin hannaye, wasu ma har bashi suke bayarwa a saya. Na sayar da sarƙata ta gwal na shiga. Kasuwar ta kai ƙololuwa a watan Maris na 2008, daga nan ta fara gangarowa, kafin shekara ta zagayo ta zubar da fiye da rabin darajarta. Wasu daga cikin hannayen da na saya suka sauko suka tsaya a kan kwabo 50, suka yi shekaru a nan, domin a lokacin dokar kasuwa ba ta yarda farashi ya yi ƙasa da haka ba, kuma babu mai saye. Sai a 2018 aka ɗage wannan doka, wasunsu suka ƙara yin ƙasa.

Kuskuren da ya fi yi mini illa ba sayen farko ba ne. Da farashi ya faɗi rabi, dillalina ya ce in ƙara don in rage asara, na ƙara, ya sake faɗuwa na sake ƙarawa da kuɗin da na tanada don makarantar yara. Saboda haka, ɗana na Akoka, ina roƙonka da ka janye shawarar nan ta a ƙara saye. Arahar hannu ɗaya ba ta nuna arahar kamfani. Hannun senti ɗaya yana iya komawa rabin senti, kuma wannan asarar rabin dukiya ce daidai da ta wanda ya sayi na dala ɗari ya koma hamsin.

Ɗalibi na Akoka:

Hajiya, na ji kuma na janye batun ƙari. Amma ina da sauran magana ɗaya. Kawu yana cikin masu kamfanin, ko da kasonsa kaɗan ne. Me zai hana shi da sauran ƙananan masu hannun jari su haɗa kai su ƙi amincewa da haɗewar, ko su nemi a sauke shugaban? Sannan kada mu manta kuɗin a dala suke, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta ninka fiye da sau biyu, wannan ma yana rage zafi ga wanda ya shiga da wuri.

Akanta na Apapa:

Tambayar tana da kyau. A irin waɗannan kamfanoni sau da yawa shugaban yana riƙe da wani nau'in hannu na musamman wanda ƙuri'arsa ta rinjayi ta sauran jama'a gaba ɗaya, sai ya amince da haɗewar a rubuce, a aiko wa masu hannun jari sanarwa kawai ba tare da an kira taro ba. Alhaji ya duba sanarwar da aka fitar, idan ta ce masu rinjaye sun riga sun amince kuma ba a neman ƙuri'arsa, to maganar ta ƙare. Ƙara kuma tana buƙatar lauya a Amurka, kuma ko an yi nasara, kamfanin da bai iya biyan bashinsa ba da me zai biya diyya? Idan aka kai ga rushewa, masu bin bashi ake fara sallama, masu hannun jari su ne na ƙarshe a layi. Ka tuna da Bang, wanda ya taɓa kasancewa cikin manyan lemon ƙara kuzari a Amurka: a 2022 kamfanin da ke yin sa ya nemi kariyar kotu saboda bashi, a 2023 Monster ya saye shi. Idan mai cinikin da ya kai haka ya durƙushe, sai a yi hattara da wanda ba a ganin kayansa a kanti.

Batun dala kuma, tashinta yana taimakon wanda dalarsa take nan. Wanda dalarsa 1,500 ta koma 100, ko da canji ya ninka sau uku, bai dawo da rubu'in uwar kuɗinsa ba. Game da sanarwar shugabanni, a watan Disambar 2017 wani ƙaramin kamfanin shayin kwalba mai suna Long Island Iced Tea ya sauya suna zuwa Long Blockchain, farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a rana ɗaya ba tare da cinikinsa ya ƙaru ba, kuma a 2018 aka cire shi daga Nasdaq. Sanarwa tana motsa farashi na kwana biyu, amma rahoton kuɗi ne yake nuna ko ana sayar da lemo ko hannun jari kawai ake sayarwa.

Malamin Islamiyya na Obalende:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Sayen hannun jari a kamfanin da sana'arsa halal ce, malamai da yawa na wannan zamani sun halatta shi, amma da sharuɗɗa. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, ta sanya ma'auni cewa bashin ruwa da ke kan kamfani kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari na darajarsa a kasuwa, kuma kamfanin da yake rayuwa a kan irin bashin da Malam Akanta ya siffanta da wuya ya tsallake wannan ma'auni. A nan gida kasuwar hannun jari ta Najeriya, wato NGX, tana da jerin Lotus na kamfanonin da aka tace bisa Shari'a, akwai kuma sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardun zuba jari marasa ruwa, tun 2017, ga wanda yake neman inda zai ajiye kuɗinsa da natsuwa.

Abu na biyu shi ne dandalin nan da ake zuga mutane. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana najashi, wato mutum ya riƙa ɗaga farashin haja ba don yana son saye ba, sai don ya ruɗi wani ya saya da tsada. Wanda yake yabon hannun jari a bainar jama'a alhali yana neman hanyar sauke nasa a kansu, ya shiga wannan hani. Alhaji, idan ka sayar a kasuwa a farashin da take, bayan rahotannin kamfanin suna fili ga kowa, ban ga laifi a kanka ba. Abin da ba zai halatta ba shi ne ka yaba shi ga wani don ka samu ka fita.

Na uku, kuma shi ne ya fi nauyi, kuɗin ƙanwarka amana ne. Idan ta ba ka ne da sanin cewa kasuwanci za a yi, akwai riba akwai faɗuwa, kuma ba ka yi sakaci ba, asara tana kan mai dukiya. Idan kuwa ka ba ta tabbacin da ba ka da shi, ko ka ga alamun faɗuwa ka ɓoye mata, to ka duba tsakaninka da Allah. Ko ta wace fuska, jinkirta sanar da ita ba daidai ba ne, domin tana iya yin lissafin wata hidima da kuɗin da babu su.

Mai Shago na Agege:

Allah gafarta Malam, maganarka ta shige ni. Gaskiyar ita ce na ce mata abin ba ya faɗuwa, kuma ban karanta ko shafi ɗaya na rahoton ba kafin in faɗi haka, don haka na ɗauki kasonta a matsayin bashi a kaina. Da daren nan ɗana ya taimaka mini muka buɗe rahotannin kamar yadda Malam Akanta ya nuna. Yawan hannayen ya ninka sau da yawa tun shekarar da na saya, maganar shakkun masu binciken kuɗi tana nan a rubuce, sanarwar haɗewar kuma ta ce masu rinjaye sun riga sun amince. Ba zan ƙara ko sisi ba. Malam Akanta, saura tambaya ɗaya: in sayar kafin haɗewar ko bayanta?

Akanta na Apapa:

Hukuncin naka ne, Alhaji, amma da ni ne da ban jira ba. A lokacin haɗewa wasu dillalai sukan tsayar da ciniki na kwanaki kafin sababbin hannayen su bayyana a asusu, wasu kuma suna cire kuɗin aiki, wanda zai yi nauyi a kan dala 100. Ka fara tambayar dillalinka nawa zai caje ka a kan sayarwa da kuma turo kuɗin gida. Idan za ka sayar, ka rubuta farashin da ka yarda da shi a cikin odar, kada ka ce a sayar a duk yadda aka samu, domin a irin wannan hannun jari tazarar da ke tsakanin tayin mai saye da sallamar mai sayarwa tana da faɗi. Kasuwar tana buɗewa da ƙarfe 9:30 na safe agogon New York, wato 2:30 ko 3:30 na rana a nan Legas gwargwadon lokacin shekara.

Mai Shago na Agege:

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Gobe da safe in Allah ya yarda zan fara kiran ƙanwata in gaya mata komai, mu tsara yadda zan riƙa biyan ta wata-wata daga cinikin shago. Bayan azahar kuma zan rubuta wa dillalin in ji nawa ne cajinsa, in saka odar. Idan an sami mai saye zan dawo in sanar da ku farashin da aka sallama.